Madam Firisila Ta Ce In Yi Magana

Rikkos, Jos
Asabar

Zuwa ga Lukuman,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da wannan takarda, na san aiki ya yi maka yawa, ga ni kuma na zo da tawa damuwar. Waya ta fi sauƙi, amma ka san muryata. Sau nawa kana "Alo? Alo?" ni kuwa ina nan ina ta bayani, har ka gaji ka kashe. Shi ya sa na ba Azeez direba, tunda duk mako yana sauke dankali da kabeji a Fatakwal, kusa da garejinku.

Ina fata kana lafiya, da Mistura da yara. Yaya gwiwar nan taka? Mu nan lafiya lau, sai ruwa da sanyi. Jiya har ƙanƙara aka yi.

Ga abin da ke tafe da ni. Wani bawan Allah ya ba Islamiyyar da nake koyarwa bas, don a riƙa ɗauko 'yan matan da ke nesa, irin na Jos Jarawa. Iyaye suka ce sun fi son mace ta tuƙa. Shugabanmu Malam Abdulfatah, wanda kuka yi makarantar allo tare, ya duba malamai mata, ni kaɗai ce mai lasin. Amma ya ce ba zai ba ni makulli ba sai na yi horon ƙwarewa wurin wata Madam Firisila ta Tudun Wada, wadda ta daɗe tana tuƙa motar asibiti kafin ta koma koyarwa. In ta sa hannu, ni zan tuƙa. In ba ta sa ba, a ɗauki namiji, kuma iyaye da dama sun riga sun ce in haka ne 'ya'yansu su zauna a gida. Cikin yaran akwai waɗanda suka kusa sauke Alƙur'ani.

Kai da kamfaninku ya tura ka irin wannan horo kafin a ba ka tankar mai, me zan tarar? Shekara da shekaru ina jan motar marigayi maigidana, ban taɓa gogar ko bango ba, ba don iyawata ba, tsarin Allah ne. To me kuma za a koya mini? Ba girman kai ba ne, Allah ya sani, tambaya ce. Kuma wane irin takalmi ake sawa?

Ka gai da mutan gida.

Taka,
Tabawa

*

Fatakwal
Laraba

Taubashiya Tabawa, babbar direbar Rikkos,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin kabeji. Muna lafiya, gwiwa kuwa sai taka kulocin mota ya tashe ta. Mistura ta ce in tambaye ki ko bas ɗin yana da lasifika, don in babu ba ta ga yadda za ki ce wa yara su zauna su ji ki ba.

Ba ki taɓa gogar bango ba, gaskiya ne. Amma ina ce ke ce mai keken haya mai ƙafa uku ya taɓa wucewa a hanyar Bauci, da fasinja biyar da buhun gawayi, har ya waiwayo ya ce sannu?

To saurara. Ranar farko ba za ta koya miki komai ba. Zama za ta yi a gefenki ta ce ki tuƙa yadda kika saba, ta yi shiru tana kallo. Wannan shirun ya fi zagi ciwo. Ni da nawa malamin, Oga Franklin, ya gama kallona, sai ya ce, "Lukuman, ba kai kake tuƙa motar nan ba, ita ke ɗauke da kai." Na kwana biyu ban gaishe shi ba.

Za ta sa ki zagaya mota kafin ki shiga: taya, mai, ruwa, fitilu. Kada ki ce aikin bakanike ne, naki ne. Za ta gyara miki zama da riƙon sitiyari kamar yau kika fara. Bas ba motar marigayi ba ce, tana da tsawo, in kika sha kwana da wuri tayar baya ta hau kwata. Birkinta in babu kowa daban, in ta cika da yara daban. A gangara kuwa, garinku duk gangara ne, giya ake saukewa, ba a kwantawa a kan birki har ya yi zafi. Za ta dame ki da madubi har ki yi mafarkinsa.

Takalmi mai rufi, marar tsini, ban da silifa. Hijabin kuma ki sami wanda bai tare miki gefen ido ba.

Abu ɗaya na roƙe ki: kome ta ce ki bari, ki bari. Kada ki yi mata irin shirun nan naki da ya fi gardama.

Ki aiko mini da acca.

Lukuman

*

Rikkos, Jos
Lahadi

Zuwa ga Lukuman,

Assalamu alaikum. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga acca nan, a tsince take. Ka ce wa Mistura na ji saƙonta, na yafe mata. Maganar mai keke kuwa, fasinjansa uku ne, ba biyar ba.

Mun fara. Duk yadda ka faɗa haka aka yi. Madam Firisila doguwa ce, ta ɗan girme ni, ba ta da yawan fara'a amma ba ta da wulaƙanci. Mama take ce mini, kuma a Hausarta kowa "ka" ne. Ta sa na durƙusa a gaban taya da sabon hijabina, ta ce, "Mama, ka taɓa da hannu, taya ba ya cizo." Mun hau Tudun Wada mun sauko ban san sau nawa ba. A hawan nan ta sa na tsaya cak, na tashi da birkin hannu, ta ajiye dutse ɗan nesa da tayar baya ta ce in na taɓa shi na kashe akuyar mutane. Na kashe akuya huɗu kafin azahar. Ta ce ba laifi, akwai wanda ya gama da garke.

Ta yaba mini abu ɗaya, ta ce ƙafata tana da hankali a kan birki. Na ji daɗi har na yi istigfari.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ka san tun da marigayi ya koya mini mota, da na kunna nake fara tilawa. A hanya nake kawo izuna na rana, a hankali, leɓe kawai ke motsi. Ban taɓa tuƙi baki a sake ba, kuma a zuciyata ina ganin albarkar wannan ce ta tsare ni duk shekarun nan. Jiya muna dawowa ta dube ni ta ce, "Mama, me ka ke cewa tun ɗazu?" Na ce karatu nake. Ta ce, "A cikin motana ba karatu. In ba ka daina ba, ba zan sa hannu ba."

Na dawo gida na kasa cin abinci.

Azeez yana ta hon a ƙofa, ya ce dankali ba ya jira. Sai na sake rubutowa.

Tabawa

*

Fatakwal
Talata

Tabawa,

Yau ba wasa. Na karanta takardarki a tsaye, ban iya zama ba. Wace ce ita da za ta hana ki ambaton Allah? Mota aka kai ki ta koya miki ko addini? Na san garin nan, a nan aka haife ni, na san yadda irin wannan ke farawa. Ke kuma na san ki, za ki haɗiye ki yi ta kuka a ɗaki.

Na ce kome ta ce ki bari, ban da wannan.

Na jira takarda ta biyu da kika ce, shiru. Na buga miki, kin ɗauka, ban ji komai ba sai ruwa a kan kwano. Don haka na kira Abdulfatah na faɗa masa komai, na ce in shi ba zai iya tsaya wa malamarsa ba, ni zan hau mota in zo. Ya ce bai sani ba, zai yi magana da ita. Kada ki sake komawa wurinta. Masu koyar da mota ba su ƙare ba a Jos.

Lukuman

*

Rikkos, Jos
Alhamis

Zuwa ga Lukuman,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma da sauƙi.

Na daɗe da biro a hannu, don ba na so in rubuta maka abin da zan ji kunyarsa gobe. Na san don ni ka yi. Tun muna yara kai ke dukan duk wanda ya sa ni kuka, ko da ni ce da laifi. Amma wannan karon ka yi ɓarna, Lukuman, kuma rabin laifin nawa ne da na aiko maka rabin magana.

Takarda ta biyu na rubuta ta washegari, na ba Azeez a zuwansa na gaba. Motar Azeez ta lalace a Lafiya, kabejinsa ya ruɓe, takardar tana nan a aljihun mota har yau. Taka ma wani direban ne ya kawo mini. Bari in sake faɗa maka abin da ke ciki.

Da na koma ranar Litinin, Madam ba ta tada maganar ba. Ta bar ni na tuƙa, ni kuma, Allah ya gafarta mini, na ci gaba da karatuna a ɓoye. Muna wuce kasuwar Farin Gada ta ce in faka. Ta ce, "Mama, wane mota ne a bayanka?" Ban sani ba. "Keke nawa ya tsaya a mahaɗa?" Ban sani ba. "Matar da ke da tire a kai, da yaro a hannu, ka gan shi?" Lukuman, ban ga wata mata ba. Amma da ta tambaye ni ayar da nake kai, da na faɗa mata ba gargada.

Sai ta karɓi sitiyari ta ce in saurara. Tana tuƙi tana magana kamar rediyo: "Madubi, tifa a baya, yana kusa. Gaba akwai kwana, ba na ganin bayansa, na rage. Mai lemo a dama, yaro kusa da shi, yaro zai iya gudu. Kwalta ya jiƙe, na ƙara tazara." Ba ta yi shiru ba har Rikkos. Ta ce haka ake wannan horon, ɗalibi ya faɗi duk abin da idonsa ya gani da abin da zai yi, da ƙarfi, don ita ba ta iya shiga kaina ta ga ko na gani. Ta ce ko waƙar coci ɗalibinta yake yi haka za ta hana shi, ta ma taɓa hana wani fasto. Baki ɗaya ne, in yana wani aiki ba zai yi wannan ba.

Na fara gwadawa. Da wuya. Ta yi ta cewa, "Ban ji ba, Mama! Da wa ka ke sirri?" Amma na fara.

Ana cikin haka Malam Abdulfatah ya kira ta. Ban san me ya ce mata ba, kuma ba zan zace shi da abin da ban ji ba. Na dai je ranar Laraba na tarar ta aiko da makullin bas, da saƙon cewa a nemi wani. Malam ya ce tunda abin ya zama haka, a huta, zai sa a nemo direba namiji. Uwar ɗaya daga cikin ɗalibaina ta tare ni a hanya ta ce, "Malama, ashe an fasa?" Na gaishe ta kawai na wuce.

Ba na son wani mai koyarwa. Matar nan ba ta yi mini komai ba sai alheri, an kuma jefe ta da abin da ba ta yi ba, ta dalilin takardata. Jibi zan je gidanta. Don Allah kada ka sake kiran kowa.

Tabawa

*

Fatakwal
Litinin

Yaya Tabawa,

Kin ga yau har Yaya na ce, ki san na yi laushi.

Wallahi da na kai wurin "madubi, tifa a baya" sai na ajiye takardar na dafe kai. Ai mu ma an yi mana! Oga Franklin ya sa ni surutu tun daga gareji har Aba, har muryata ta dushe. Na ba ki labarin takalmi da hijabi, na manta da babban. Da na rubuta miki shi tun farko, da duk wannan bai faru ba. Mistura ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin na karanta abu sau biyu kafin in yi fushi ba.

Kin ce kada in kira kowa, ban kira ba, ko da yake hannuna yana ƙaiƙayi. Ki faɗa mini abin da zan yi. In zuwa ne in nemi hutu.

Yaya kuka yi da ita? Ki yafe mini.

Lukuman

*

Rikkos, Jos
Juma'a

Zuwa ga Lukuman,

Assalamu alaikum. Na yafe maka tun kafin ka roƙa. Ka daina ce mini Yaya, bai yi maka kyau ba. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, na so sai abin ya tsaya wuri ɗaya kafin in rubuto, kada in sake aiko maka da rabi.

Na je Tudun Wada a keke. Na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan, can sama kusa da duwatsu. Na same ta a tsakar gida tana feraye dankali. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, amma ba ta ajiye wuƙar ba. Na faɗa mata komai, yadda na rubuta da yadda ka karanta. Na ce ni na jawo, ta yafe mini.

Ta ci gaba da firar dankalinta. Can ta ce, "Mama, shekarun da garin nan ya yi zafi, ni ke tuƙa motar asibiti. Na ɗauki mutane a Rikkos, na ɗauka a nan. Ban taɓa tambayar wanda ke kwance a baya sunansa ba. Yau ni ne za a kira a waya a ce na hana mutum Allah?"

Na ɗauki ɗaya wuƙar da ke cikin roba na taya ta firar dankalin. Mun kusa gamawa ta ce, "Ni ma ina addu'a. Kafin in kunna mota nake yi. In na kunna, ido da Allah ya ba ni shi zan yi aiki da shi. Ka zo Litinin. Amma ka zo da murya."

Malam Abdulfatah ya je da kansa ya ba ta haƙuri, Allah ya saka masa, ya kuma dakatar da neman direban.

Mako biyu muka yi. Kullum kafin in murɗa makulli sai ta ce, "Yi naka," ta sunkuyar da kai ta yi nata, ni kuma in yi addu'ar hawa abin hawa. Daga nan sai surutu. Maƙogwarona har ciwo ya yi, ina shan citta da zuma.

Jiya aka yi gwajin. Ta cika kujerun baya da jarkokin ruwa don nauyi ya yi kamar na yara, ta ce ita yau ba ta da baki. Ga yayyafi. Muka bi cikin kasuwa, muka hau Tudun Wada, muka gangaro da giya ta biyu, ina ta zuba. Kusa da wata mahaɗa na ji kaina ina cewa, "Keke a dama, ya tsaya amma tayarsa ta karkato. Fasinja yake kallo, ba ni ba. Zai fito. Na rage, na duba baya, ba kowa." Ban rufe baki ba ya faɗo titi ba sigina ba komai. Ya wuce ta gabana da tazara mai yawa, ko ruwan jarkokin bai motsa ba. Shi bai ma san an yi ba. Da muka faka Madam ta karɓi takardar ta sa hannu a kan gwiwarta, ta ce, "Yau na ji ka tun daga farko har ƙarshe."

Tilawata na mai da ita bayan asuba. Ba zan ɓoye maka ba, ina kewarta a hanya, wani lokaci leɓena yakan fara da kansa sai in tsai da shi. Amma 'ya'yan mutane ne za a ba ni amana, kuma na tuna matar nan mai tire da ban gani ba.

Ka tambayi abin da za ka yi. Ba sai ka zo ba. Da za mu rabu jiya ta ce, "Wannan ɗan'uwanka na Fatakwal, har yanzu yana ganin ni mugu ne?" Ta faɗa da dariya, amma na ga abin bai gama fita daga ranta ba. Na ba ta haƙurinka da bakina, sai dai ba ni na yi kiran ba. Ka rubuta mata da hannunka, da sunanta a sama, ban da zolaya. Ka faɗa mata abin da ka zata, da cewa ka yi kuskure.

Litinin ta sama zan fara ɗauko yaran, kuma ta ce za ta zauna a gefena ranar farko. Ina so in miƙa mata takardarka kafin in kunna mota. Azeez zai taso daga wurinku ranar Laraba. Don Allah ka amsa da wuri, kada ya taho hannu wofi.

Taka,
Tabawa